Yadda za ka zaga Njamena ka ga wuraren tarihinta cikin kwana biyu

Baffana ya fi shekara ashirin yana haye gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kamaru da Cadi, da kaya. Babu lungun babbar kasuwar Njamena, babban birnin Cadi, da bai sani ba. Ya san rumfar da ake samun canji da sassafe, ya san mai shayin da ba ya tsuga wa madara ruwa. Ran da na tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan tarihin ƙasar, sai ya ajiye carbinsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe akwai shi?" Haka akasarinmu muke, mu Hausawan Kusiri da Marwa da Garwa a arewacin Kamaru. Mu shiga birnin da buhu, mu fito da buhu, ido na kan ciniki. Abin yana damuna, domin tarihin garin nan da namu a cakuɗe suke. A bakin ƙofarmu aka gwabza yaƙin da ya haife shi, ta cikinsa kakanninmu suka ratsa da ƙafa zuwa Makka, kuma duk ran da wuta ta tashi a cikinsa, gidajenmu mutanensa ke gudowa.

Na zaga da baffan nawa, na zaga da ƙannena, na zaga da baƙi daga Garwa. Tsarin da ya fi yi mini daɗi shi ne wannan na kwana biyu, kuma an gina shi ne a kan bin labari daki-daki, daga inda ya faro.

Da farko, zaɓi lokacinka

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne lokacin yawo. Daga Maris zuwa Mayu zafin Njamena yakan wuce digiri 40, kuma manyan filayen da za ka tsaya a kansu ba su da inuwa. Damina kuwa tana lalata hanyar Kusiri, sannan kogunan Logon da Shari kan cika maƙil wajejen Oktoba. A 2022 da 2024 ruwa ya ci unguwannin da ke tsakanin kogunan biyu, irin su Waliya, wato daidai inda za ka bi ka shiga gari.

Ka sa tafiyar ta faɗo tsakanin Talata da Alhamis. Ran Juma'a ma'aikatu kan tashi da tsakar rana. Ka kuma kiyayi ranakun bikin ƙasa: 11 ga Agusta ranar 'yancin kai, 28 ga Nuwamba ranar jamhuriya, da 1 ga Disamba ranar dimokuraɗiyya. A irin waɗannan ranaku ana rufe tituna a baza jami'an tsaro, sai ka wuni kana kewaye.

Takardu, kuɗi da waya

Kamaru da Cadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma tun 2017 aka ɗauke biza tsakanin 'yan ƙasashenta. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, in kana da fasfo ka haɗa da shi, tare da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Ka yi kwafin kowanne ka ajiye a wani aljihu daban. In akwai yara, a taho da takardun haihuwarsu. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa wadda ba ta cikin ƙungiyar, ya yi tambaya a bakin iyaka game da rajistar da ake yi wajen 'yan sanda cikin kwana uku na isowa.

Kuɗi iri ɗaya ne, sefa, ba ka bukatar ɗan canji. Abin da kake bukata shi ne ƙananan takardu da kwabbai, domin mai babur ba zai taɓa samun canjin jaka goma, wato sefa 10,000, ba. Sai lissafi, wanda nan ne baƙo ke faɗuwa. Mutanen Njamena da Larabci suke ƙirga kuɗi, kuma abin da suke kira riyal shi ne dalarmu, wato sefa biyar. In mai kaya ya ce "ishirin", sefa 100 yake nufi. "Miya" sefa 500 ne, "miten" jaka ɗaya, "alif" jaka biyar. Wanda ya saba da lissafin dala bai da matsala, kalmomin kawai zai sauya. Ka haddace "be kam?" wato nawa ne, da "wen?" wato ina, da "almi" ruwa, da "shukran". A kasuwa za ka sami masu jin Hausa da Fulatanci, amma a bakin direba da jami'in tsaro Larabcin Cadi ne ke buɗe ƙofa, sai Faransanci a ofis.

Layin MTN ko Orange yakan kama a bakin kogi, ya ɓace in ka nutsa cikin gari. Airtel da Moov ne ke aiki a can. Kwana biyu bai kai a sayi sabon layi ba in kana tare da ɗan gari, amma ka rubuta lambar mai masaukinka a takarda.

Hanyar zuwa

Mutumin Marwa zai bi ta Mora da Waza da Dabanga ya sauka Kusiri, tafiyar kilomita kusan 260. A taswira gajeriya ce, a jiki kuwa doguwa, saboda lalacewar kwalta da shingayen bincike. Ka shiga motar farko ta asuba, kada dare ya riske ka tsakanin Mora da Dabanga, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, ba a watan jiya ba. Tun 2025 akwai wata mafita, gadar da aka buɗe tsakanin Yagwa da Bongor a kan Logon, daga nan a miƙe arewa ta cikin Cadi. Amma don wannan ziyara ni ta Kusiri nake ba da shawara, ga kuma dalili.

Fara daga Kusiri, kafin ka haye

Ka kwana Kusiri. Da yamma ka sa ɗan gari ya kai ka bakin ruwa, inda Logon ke zubawa cikin Shari. Ka tsaya ka dubi tsallake. Gine-ginen da kake hangowa babu ko ɗaya a farkon 1900, sai ƙauyukan Kotoko da na Larabawa.

Wanda ke da ƙarfi a yankin a lokacin shi ne Rabe, wanda ya fito daga Sudan ya rusa Kukawa a 1893 ya kafa gadonsa a Dikwa. Mutanen Marwa suna da hannu a labarin, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda, a yankin Marwa, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa, kafin su ɓata a kashe Hayatun. Faransawa kuma runduna uku suka turo su haɗu a tafkin Cadi: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta hauro daga Kwango, ta uku ta biyo ta ƙasar Hausa. Wannan ta ukun ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni ta kuma yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, kafin wasu hafsoshin su ƙarasa da ita ta Damagaram. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin uku suka auka wa Rabe a gefen Kusiri. Rabe ya mutu a ranar, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. Bayan mako biyar, ranar 29 ga Mayu, Emile Gentil, jagoran rundunar da ta hauro daga Kwango, ya kafa sansani a tsallaken kogin ya sa masa Fort-Lamy. Ita Kusirin ma daga baya Fort-Foureau aka riƙa kiranta a takardun Faransawa.

Sunan Lamy ya zauna kan birnin shekara 73, sai a 1973 shugaba Tombalbaye ya sauya shi zuwa Njamena, sunan wani ƙauyen Larabawa da ke kusa, mai ma'anar wurin hutawa. Kakata har ta koma ga Allah "Lami" take cewa. In ka ba yara wannan labari a bakin ruwan nan, duk abin da za su gani gobe zai sami wurin zama a kansu.

Haye gada

Ka yi sammako. Layin manyan motoci da babura yakan yi tsawo da zarar rana ta ɗaga, kuma ana rufe iyaka da yamma. Ka sauka ka nuna takardunka a ɓangaren Kamaru, ka haye Logon, ka sake nunawa a Ngeli. Yi sallama, cire tabarau, amsa abin da aka tambaye ka kawai. In an ce me ya kawo ka, ka ce ziyara, ka faɗi unguwar da za ka sauka. Mata su sani cewa tun bayan hare-haren bam na 2015 hukumomin Cadi suka hana rufe fuska da niƙabi, don haka hijabi da fuska a buɗe shi ne zaman lafiya.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne gada biyu ce. Ngeli tana tsakanin koguna biyu, sai ka ratsa Waliya ka haye Shari kafin ka faɗo Shagwa, cikin gari sosai. Akwai 'yan babur, da ake kira "kilando", akwai ƙananan bas, akwai tasi. In kai kaɗai ne, babur ya isa. In kuna da dattijo ko mata da yara, ku ɗauki shatar tasi na wuni guda, ku yanke kuɗi tun kafin a tashi, ku lissafa masa wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, ku kuma fayyace wa ke biyan mai. Rabin kuɗi da safe, rabi da yamma.

Maganar hoto, tun kafin ka zaro waya

Wannan ne abin da ya fi jefa baƙi cikin wahala. Kada ka ɗauki hoton gada, ko barikin soja, ko filin jirgin sama, ko ma'aikatar gwamnati, ko duk wanda ke sanye da kaki. Fadar shugaban ƙasa kuwa, ko tsayawa a gabanta kada ka yi, ka bar direba ya wuce abinsa.

Na gani da idona. Wani ƙanena ya ɗaga waya ta tagar mota zai ɗauki wani shataletale da ya ba shi sha'awa, bai lura da motar jami'an tsaro da ke fake a gefe ba. Kafin mu ankara an tsayar da mu, waya tana hannun wani. Muka fi awa guda a rana, baffa yana ta "a yi haƙuri, yaro ne, baƙi ne mu", aka bi hotunan ɗaya-ɗaya, har da na sunan 'yarsa, aka goge na ranar kafin a miƙo masa. Tun daga nan dokata ita ce waya a aljihu, in mun isa wuri a tambayi mai gadi, in ya yarda a ɗauka, in ya girgiza kai a wuce. Haka mutane ma. Kada ka ɗauki mace ko dattijo ba da izini ba.

Rana ta farko da safe: gidan tarihi

Ka ce wa direba "Musée National", kusa da Palais du 15 Janvier, gefen babban ɗakin karatu na ƙasa. An kafa gidan tarihin tun 1962, daga baya aka mayar da shi wannan sabon gini. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan. Ka nemi mai zagawa da baƙi, ka tambaya ko yana jin Hausa ko Larabci, domin bayanan da ke jikin gilasan akasari da Faransanci suke. In ya gama ka ba shi na goro, haƙƙinsa ne.

Ka ba wurin nan awa biyu, kuma kada ka fara da abin da kowa ke rububi. Fara da kayan Sao, mutanen da suka zauna a bakin Shari da Logon ɗaruruwan shekaru kafin Borno ta mamaye yankin, waɗanda Kotoko ke cewa su ne kakanninsu. Za ka ga ƙananan kawunan mutane na yumɓu masu kumburarrun idanu da leɓɓa, da kayan ado na tagulla, da manyan tuluna waɗanda a cikinsu suke binne matattunsu. Baffa ya daɗe tsaye gaban ɗaya daga cikin tulunan nan. Can ya ce a hankali, "Irin fasassun nan muke tsinta a tudun bayan gari muna yara, muna jifan tsuntsu da su." Bai sake magana ba sai da muka fita daga ɗakin. Tudun da yake nufi kufan gari ne, shekara sittin yana wucewa ta gefensa.

Daga nan sai Tumai. Ƙoƙon kai ne da aka tsinta ranar 19 ga Yuli 2001 a hamadar Jurab, arewacin ƙasar. Wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ya fara ganinsa, yana cikin tawagar masanin Faransa Michel Brunet. Masana sun ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, suna kuma lissafa shi cikin mafi tsufan abin da aka samu na dangin halittar ɗan Adam. Sunan daga harshen Gorane yake, ma'anarsa fatan rayuwa. Wanda aka ajiye wa masu kallo kwafi ne, kuma ƙarami ne ƙwarai, bai fi ƙoƙon shan fura ba. Na san wasunmu za su ji wani iri da bayanin masanan. Ba a ce ka bar abin da ka yi imani da shi a bakin ƙofa ba. Ka duba, ka saurara, ka san dalilin da ya sa 'yan Cadi ke alfahari da sunan har suka sa wa fadar shugabansu.

Sauran ɗakunan, na makamai da kayan kiɗa da sirdi da kayan Musulunci, ka bi su gwargwadon ƙarfinka. Ka tuna gidan ya yi asarar kaya da yawa a shekarun yaƙi, abin da ka gani shi ne abin da ya tsira.

Azahar a masallacin Sarki Faisal, sannan kasuwa

Ka daidaita fitowarka ta yadda azahar za ta same ka a babban masallaci, wanda ke maƙwabtaka da babbar kasuwa. Saudiyya ce ta gina shi bayan ziyarar da Sarki Faisal ya kawo Cadi a 1972, aka buɗe shi a 1978. Ana iya bincike a ƙofa, don haka kada ka zo da babbar jaka. Takalmanka ka sa a leda ka shiga da su. Bayan sallah kada ka yi gaggawar tashi. Ka zauna ka dubi sahu: Balarabe da rawaninsa, Bagorane, Bawaddaye, Babarbare, Bafulatani, Bakotoko, Bahaushe. Ban san wani wuri a garin da ke nuna maka Cadi a dunƙule kamar nan ba.

Abinci kuma yana nan kewaye. Ka nemi "esh", tuwonsu ne, ko "kisar", wata shimfiɗaɗɗiyar waina mai laushi da ɗan tsami wadda ake ci da miya. Akwai gasasshen naman raƙumi, akwai kifin Shari, akwai "karkanji", wato zoɓo, da lemon mangwaro ko gwaba da ake markaɗawa da madara. Ruwa dai ka sha na gora a rufe. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku ka nemi inuwa ka huta, garin ma hutawa yake yi.

In kana da sauran ƙarfi, a nan ne za ka nemi naka. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da kasuwa, irin su Marjandafak da Ambasatna, sun ga wucewar alhazan ƙafa. Hanyar ta taso daga Kano ta Maiduguri da Dikwa da Kusiri, ta haye nan, ta miƙa Ati da Abeshe da Adare, ta shiga Sudan ta Jinaina da Fashir har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Wasu guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya ɗinki ko fawa ko wanzanci ko karantarwa don su tara na gaba, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, zama ya kama. Babu allon da aka kafa musu. Ka tambayi mahauta ko masu sayar da goro ina dattawan Hausawa ke zama, ka je ka yi gaisuwa da ɗan goronka, ka ce, "Baba, daga ina asalin gidanku?" Za ka ji an ambaci Haɗeja, Katsina, Damagaram, Zariya. Wani tsoho ya taɓa ce mini mahaifinsa bai taɓa kwance wani ƙunshin kayansa ba har ya rasu, yana cewa baɗi za a ci gaba da tafiya.

La'asar: Dandalin Ƙasa da abin da ke kewaye da shi

In rana ta yi sanyi ka bi titin Charles de Gaulle, tsohon titin kantuna da bankuna, zuwa Place de la Nation. An gina dandalin ne don cikar ƙasar shekara 50 da samun 'yanci. Ranar 11 ga Agusta 1960 aka sami 'yancin, amma aka ɗage bikin zuwa Janairun 2011, bayan damina. Fili ne mai faɗin gaske, da dogon gini mai siffar bakan gizo da mutum-mutumi, kuma a nan ake faretin ƙasa. Ka nuna wa yara tuta, shuɗi da ruwan ɗorawa da ja, da tambarin ƙasar mai ɗauke da akuyar dutse a gefe guda, zaki a ɗaya gefen, alamar arewa da kudu. Fadar shugaban ƙasa tana kusa, saboda haka dokar hoto ta fi tsanani a nan. Tambayi jami'in da ka gani, ka kuma juya bayanka ga ɓangaren fadar.

Ɗan taku kaɗan akwai babbar majami'ar Katolika, Notre-Dame de la Paix. An gama ta a 1965, yaƙin 1980 ya rusa rufinta, ta yi shekaru da dama ba ta koma yadda take ba, sai a 2023 aka sake buɗe ta bayan gyara. Musulmi ba sai ya shiga ba, amma ya tsaya ya duba daga waje, domin ita ce shaidar da ta fi fitowa fili ta abin da garin ya sha. Faɗa ya ɓarke a Fabrairun 1979, ya dawo a 1980 ya shafe wata tara tsakanin dakarun shugaban ƙasa na lokacin, Goukouni Weddeye, da na abokin hamayyarsa Hissène Habré, mutanen gari suka tsallaka Kusiri a kwalekwale. Na 2 da 3 ga Fabrairun 2008 kuwa da idona na gani: gadar Ngeli cike da mata ɗauke da katifu a ka, dubban mutane kwance a makarantu da masallatan Kusiri. A zaurenmu kaɗai iyali uku suka kwana.

Ka sa direba ya biya da kai wurin tunawa da Félix Eboué da Janar Leclerc. Eboué baƙar fata ne ɗan Guyana ta Faransa, gwamnan Cadi, wanda ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Daga ƙasar nan Leclerc ya ɗebi runduna ya ratsa hamada ya ci Kufra a Libiya a Maris 1941. Sunayen manya ne a jikin dutse, amma akasarin waɗanda suka yi tafiyar 'yan Afirka ne, 'yan Cadi da 'yan Kamaru da maƙwabtansu. In ka tsaya a wurin, su za ka tuna. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar sansaninsu na Njamena a Janairun 2025.

Akwai kuma wurin da ba a kai baƙo. A zamanin mulkin Habré, daga 1982 zuwa 1990, 'yan sandan asirinsa sun mayar da wani tsohon wurin iyo na Turawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ana kiransa La Piscine, kuma akwai manyan kaburbura a Hamral-Goz, bayan gari. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta mutum 40,000 ne suka hallaka. Wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016, ya mutu can a 2021. Kada ka nemi a kai ka, kada kuma ka tayar da zancen a tasi ko a rumfar shayi, domin ba ka san wa ya rasa wa ba. In mai masaukinka ya buɗe maganar da kansa bayan isha'i, ka yi shiru ka saurara.

Kafin magariba, in akwai lokaci, ka nemi inda 'yan gari ke zama a bakin Shari. Wani lokaci akan ga dorina ta ɗago kai. Kada ka matsa kusa da ruwa, kuma ka tuna kogin iyakar ƙasa ne.

Rana ta biyu: Gawi

Bayan karin kumallo ka nufi Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kimanin kilomita 10 arewa maso gabashin gari, ko da yake yanzu gine-gine sun kusa haɗe su. Abin da ka gani jiya a bayan gilashi, a nan za ka gan shi a hannun masu rai. Tsohon gidan sarki, ginin ƙasa mai bene, shi aka mayar gidan tarihi. Ƙofofinsa gajeru ne, sai ka sunkuya, matakalarsa kuma ƙunci gare ta, dattijo ya hau a hankali. Daga saman soro kana ganin garin gaba ɗaya.

Ka fara da gaisuwa wajen masu gari kafin ka shiga zagaye, kamar yadda za ka yi a kowane gari mai sarki. Matan Gawi su ne maginan tukwane, su ne kuma ke yi wa bangon gidaje zane da jar ƙasa da fara da baƙa. In ka tarar ana gini, ka nemi izini ka zauna ka kalli yadda randa ke tashi daga curin yumɓu ba tare da wani inji ba, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ka sayi wani abu, ko kasko ne ko ɗan tulu, kuma kada ka matse su a ciniki yadda kake matse dillalin atamfa. Ka zo da tsohon zane na naɗewa, domin hanyar Waza ba ta jin tausayin tukunya.

Ka baro Gawi kafin azahar. In akwai saye-saye, yanzu ne lokacinsu: dabinon Faya, busasshen nama da suke kira "sharmut", busasshen kifi "salanga", turaren wuta na mata. Ka riƙe rasit na duk abin da ya yi yawa saboda 'yan duwan. Tun da safe ka riga ka tambayi ƙarfe nawa ake rufe gada a ranar, sai ka ba kanka ratar awa biyu, domin cunkoson Shagwa da Waliya da yamma yakan tsayar da mota cik. Kafin ka isa Ngeli ka zauna ka bi hotunan wayarka, duk wanda kaki ko shinge ya faɗo a ciki ka goge shi, ka fito da katinka ka riƙe a hannu.